Gashin da Na Yi wa Kumatun Matata

Bayan doguwar jinyar taifod da matata ta yi, jikinta ya dawo amma fuskarta ba ta dawo ba. Kumatunta suka zurma, layuka biyu suka sauko daga gefen hancinta zuwa bakinta. Ranar sunan ɗan wana, wata baƙuwa daga Makoda ta gaishe ta, ta ce, “Inna, ke ce kakar jaririn?” Ina tsaye a bakin zaure da kwanon goro, na yi dariya har da dukan cinya. Ban tsaya nan ba, sai da na maimaita zancen a gida, ina kiranta Inna. Ita ma ta yi murmushi, ni kuma na ɗauka wasan ya yi daɗi. Allah ya yafe mini, bakina ya fi hankalina sauri.

Da aka fara cirar gyaɗa ta nemi izinin zuwa unguwar Bacirawa a Kano wajen ƙanwarta, wadda ke aikin kwalliyar amare. Da ta dawo na ga fuskarta ta cika. Na ce, “Lallai shinkafar birni ta karɓe ki.” Ta wuce ɗaki da jakarta.

Ba a daɗe ba kuncinta na hagu ya fara tashi. Na dama yana nan sumul, na hagun kuwa ya yi ja, ya yi tauri kamar an cusa ƙwallon goruba. Na tambaya ko haƙori ne, ta ce a’a. Na ce to hangum ne, ko mataccen jini. A wurinmu kumburi ba shi da wani magani na farko sai gashi. Haka na ga an yi wa mahaifina da saniya ta take shi, haka ake yi wa mai jego. Na sa aka tafasa ruwa, na jefa ’yar kanwa, na tsoma tsumma da hannuna.

“Malam, ka bari zai sauka da kansa,” in ji ta.

“Wane kumburi ne ya taɓa sauka da kallo?”

Na danna tsumman, na murza da ƙarfi kamar yadda aka saba, don jinin ya watse. Ta runtse ido, ta damƙe bakin tabarma. Safe da yamma nake yi, kafin in tafi gona da bayan na dawo. Maimakon ya sauka, ƙullutun ya gusa sama wajen ido, fatar ta yi sheƙi, zazzaɓi ya biyo baya. Ina tugar gyaɗa a gona amma zuciyata tana gida. Idan iska ta kawo muryar mace daga rugar da ke kusa, sai in miƙe tsaye in saurara, ko ni ake kira.

Ranar da na tarar idon ya fara rufewa, na aika aka kira wanzamin garinmu, dattijon da ya yi mini kaciya. Ya zauna a tsakar gida bayan la’asar, ya buɗe zabira, ya fito da aska da ƙaramin ƙaho. Ya taɓa kuncin da babban yatsa, ya ce tsaga kaɗan zai yi ya zuƙe abin da ya taru. Ya jiƙa wurin, ya goga askar a tafin hannunsa.

Sai ta riƙe gefen rigata. Muryarta can ƙasa ta ce, “Kada Baba ya tsaga. Ba jini ba ne. Kira ƙanwata.”

Na kira, na bayyana mata halin da ake ciki. Tsakanina da ita akwai wasa, kullum tsohon banza take ce mini, amma ranar ba ta yi ba.

“Yaya, gashi kuka yi? Da ruwan zafi?”

“Da me ake yi da?”

“Fila ce aka yi mata. Allura ce ta cika fuska, wani ruwa mai kauri ake turawa ƙarƙashin fata. An ce kada ta murza, kada zafi ya taɓa wurin. Kai kuma ka zauna kana dama shi kamar fura.”

“Wa ya ce ta yi?”

“Ka tambayi wanda ya riƙa kiranta Inna.”

Wanzami ya mayar da kayansa cikin zabira a hankali, ya yi mata sannu, ya fita bai kalle ni ba.

Da gari ya waye muka hau babur zuwa titi, muka shiga bas. Duk ramin da motar ta faɗa sai in leƙa ƙarƙashin mayafinta in duba idon. A raina ina ta jera abin da zan faɗa wa mahaifiyarta idan idon ya tafi, ban sami ko ɗaya mai kama hankali ba.

Likitar da ta duba ta a asibiti cikin Kano mace ce. Ta haska idon, ta ce lafiyarsa lau, kumburi ne ya danne shi. Ta ce ruwan sunansa hayaluronik asid, jiki kan shanye shi a hankali, amma wurin ya kamu da ƙwayoyin cuta, ko daga inda aka yi allurar ko daga tsummana, ba za ta iya rantsuwa ba. Ta ce da an tsaga, da tabon ya zauna har abada. Ta rubuta magani, ta ce idan zafin ya lafa akwai wata allura da ke narkar da filar, kuma gara a narkar da duka biyun don fuskar ta daidaita.

Matata ta ɗaga hannu ta dafa kuncinta na dama.

“A bar mini wannan.”

“Hajiya, gefe ɗaya zai fi ɗaya cika, watanni kafin ya sauka.”

“Na ji. A bar shi.”

Likita ta juyo wajena, tana jiran maigida ya yanke. Na ce a yi yadda take so.

Haka aka yi. Idon ya buɗe, kuncin hagu ya koma raminsa na da, na dama ya tsaya a cike har bayan an gama sussukar dawa. Idan za ta fita takan ja mayafi ta rufe gefen hagu. A cikin gida ba ta rufewa.