Badukun da Ya Daina Cin Nama

Yayana Lukuman baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. Kakanmu ya zo Jos zamanin haƙar kuza, yana ɗinka wa leburori takalma, shi ya kama rumfar nan ta bakin kasuwar Laranto. Ni ce Ummusalma, autar gidan, mai tuwo a bakin tasha. Bari in faɗa tun yanzu: ina son Yaya, amma wallahi haushinsa nake ji.

Allah ya ba shi hannu. Buzun salla, gafaka, jakar mata, kuben wuƙa, duk yana yi. Malamai su kawo Alƙur'ani ya yi masa riga, fastocin Anguwan Rukuba su kawo Littafi Mai Tsarki ya yi masa bango, kowa ya tafi yana sa albarka.

Nama kuwa ya daina ci tun wani rikici da aka yi a garin nan. Ya maƙale a wata unguwa, ya ɓuya a cikin kwalbati, ya shaƙi ƙaurin abin da ake ƙonawa a kan titi. Da ya dawo bai ba kowa labari ba. Matarsa Kubra ta kai masa miya da tsoka biyu, ya tashi ya kwara amai a bayan ɗaki. Tun daga nan ko layin masu tsire ba ya bi. An yi rubutu, an yi asibiti, muka gaji muka bar shi da wakensa da alayyafo. Sana'a dai bai bari ba, don jemammiyar fata ba ta warin nama.

Ana nan sai ga Madam Obiamaka daga Rayfield. Haifaffiyar Jos ce, ta yi zaman Turai, Hausa a bakinta rangaɗau. Ta tarar na kawo masa abincin rana, ta leƙa kwanon ta ce, "Malam, yau ba nama?"

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Wannan ai ɗan'uwan akuya ne, Madam, ganye yake ci."

Sai murna ta kama ta. Ashe ita ma ba ta ci, wai tausayin dabba take ji, ko takalmin fata ba ta sawa. Ta shafa wata jaka da ke rataye ta ce, "To Malam, kai da ba ka cin naman, wannan fa? Ba rigar dabbar ba ce?"

Na yi caraf na ce, "Haba Madam, ai ba don fata ake yanka ba. Ko a zubar kike so?"

Ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yar'uwa. Amma mahauci da kuɗin fatar yake ƙara sayo wata." Ta yi dariya, ta sayi kwando a rumfar maƙwabci, ta shiga motarta. Ba muguwa ba ce, har addu'ar ciniki ta yi mana. Sai dai magana zarar bunu ce, kuma na tabbata ita ta manta da ta faɗa.

Shi bai manta ba. Ya je wurin liman, liman ya ce halal ne, ya je ya yi aikinsa. Yaya ya ce ya san halal ne, tambayarsa ita ce ko da hannunsa a cikin yankan. Ya gwada ɗinki da fatar roba, ta riƙa tsagewa, ga 'yan gwanjo sun fi shi araha.

Daga nan ya ɓullo da dabarar da ta kashe mu. Yana da wani tsohon aboki, Dantong, mai kiwo a bayan gari. Duk akuyar da cuta ta kashe ko mota ta buge, sai Dantong ya kira shi, ya je ya feɗe, ya jeme da kansa da bagaruwa. Wai ita wannan ba wanda ya yanka ta don shi. Ku zo ku ga Yaya a lokacin! Har kumatu ya yi, yana ɗinki yana raha da masu wucewa.

Kuma da yake Lukuman ne, bai iya ɓoye abu ba. Wani Alhaji ya sayi buzu, yana yaba laushinsa, sai Yaya ya ba shi labari tiryan-tiryan. Alhaji ya saki buzun kamar ya taɓa garwashi. "Mushe? A kan mushe zan sa goshina?"

Kafin la'asar zance ya gama kasuwa. Aka riƙa dawo da buzaye, har waɗanda Baba ya yi tun yana raye. Malamai suka karɓe littattafansu. Fastocin ma suka janye, wa zai riƙe fatar dabbar da ba a san cutar da ta kashe ta ba? Sunansa ya koma Lukuman Mushe. Kubra ta yi haƙuri iya haƙuri, ran da ba a ɗora tukunya ba ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta. Ban ga laifinta ba.

Rumfa ta zauna a rufe. Sarkin kasuwa ya kira ni ya ce darajar Baba ce ta sa ya yi shiru, amma in aka wuce Babbar Salla ba a buɗe ba, zai ba wani, masu so sun yi yawa.

Sai na cire kunya. Na bi gidajen unguwa ina roƙon a ajiye mana fatun layya. Wasu suka ce sun yi wa masallaci alkawari, wasu suka tuna Baba suka amsa. Ranar Salla da yamma na loda su a keke da buhun gishiri, na zube masa a tsakar gida.

Na ce, "Yaya, ga su. Don Allah aka yanka su, ba don kai ba. Kyauta aka ba ka, ba mahaucin da ya ci sisinka. Ba kuma mushe ba ne. Wace hujja ta rage maka?"

Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsu. Ya damƙi gishiri, ya buɗe fatar da ke sama, amma bai barbaɗa ba.

Ya ce, "Ummu, ba ni da hujja. Kin kayar da ni."

"To ka barbaɗa mana! Ɗanyar fata ba ta jira."

"Zan sa. Je ki, baƙi na jiranki."

Na tafi da murna, har na aika wa Kubra cewa ta fara haɗa kaya.

Hidimar Salla ta riƙe ni. Maƙwabcinsa ne ya aiko a kira ni, wai wari ya hana su sakat. Tun daga zaure na toshe hanci. Buhun gishiri na nan inda na ajiye shi, fatun sun yi kore, gashi na zuba, ƙuda kamar a kwata. Yaya ya haƙa rami mai zurfi a gindin katanga, yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ya ninke a hankali, ya kwantar.

Na buɗe baki zan zazzaga masa abin da ke raina. Rumfar kakanmu, yaran da Kubra ta kwashe, kunyar da na sha a ƙofofin mutane. Sai ya ɗago, na ga idonsa, na san ba sauran magana.

Ya ce, "Makullin rumfa yana rataye a ƙusa, ki kai wa sarkin kasuwa. Amma kafin nan kama mini gefen wannan, ta yi mini nauyi."

Na ɗaure gyalena a ƙugu, ina kuka ina zaginsa, na kama.