Ramuwar Glenys Hartshorn

Glenys Hartshorn 'yar maƙerin ƙarfe ce a Sheffield, mace gajeriya mai kaurin damtse. Shekara goma sha ɗaya tana buga wa ƙungiyar Attercliffe Saints ganguna, tun suna kiɗan rok a mashaya har suka kai ga cika manyan zauruka. Sai rana guda ta buɗe jarida a gidan mai gyaran gashi, ta ga an kore ta. Mawaƙinsu, Clive Tordoff, ya gaya wa ɗan jarida wai ya samo injin da ya fi ta iya kiɗa, kuma ba ya mayar da magana.

Ba ta yi kuka ba. Ta koma tuƙin bas, shekara goma sha tara, abin na cin ta a rai. Ƙungiyar kuwa ba ta yi shekara uku ba ta watse.

Da ta ji Clive zai sake haɗa Saints don bikin kiɗa na bazara, ba tare da ita ba, sai ta ɗauki hutu don ta haɗa tata ƙungiyar. Ta fara da Norrie, tsohon mai jitar Saints, wanda ya koma suyar kifi da dankali. Ta tuna masa yadda Clive ya goge sunansa daga waƙoƙin da shi ya tsara. Desmond, ɗaya mai jitar, bai ma bari ta gama bayani ba ya amince. Daga nan ta hau jirgin ƙasa zuwa Leeds ta ɗauko Pauline Garside, mawaƙiyar tsofaffin abokan hamayyarsu, wadda Clive ke tsoron muryarta tun yana saurayi. Sharaɗi ɗaya Glenys ta kafa wa masu shirya bikin: rana ɗaya da Clive, lokaci ɗaya, a wani dandamalin da ke kusa da nasa.

Bayan ta koma aiki, Clive ya same ta a tashar bas, ya rina gashi baƙi wuluk, yana cewa ai su 'yan'uwa ne, abin da ya wuce ya wuce.

"Wa ya shafa maka baƙin tukunya a ka, Clive?" in ji ta. "Matsa min, ina da fasinja."

Ranar, da yamma, Clive ya hau dandamali da makaɗan haya. Kafin waƙarsa ta uku mutane sun fara sulalewa zuwa inda ganguna ke tashi. Glenys ta yi ta duka har wuyan hannunta ya kumbura, kuma ta sa aka juya amsa-kuwwa biyu suna fuskantar dandamalinsa, don kada ya ce bai ji ba.

Faifai biyu suka yi ita da sabuwar ƙungiyar kafin gwiwoyin Norrie su gaza. Yanzu tana zaune a Whitby, bakin teku, da kare ɗaya. Bara Clive ya aiko mata wasiƙar neman gafara mai shafi huɗu daga asibiti. Ta karanta tsaf, har sau biyu, ta ce rubutun ya yi kyau, amma tukuna.