Yajin Inna Bai Hau Jirgi Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Keffi, ni da ƙanwar maigidana, don wanda ya san Mararaba ranar Litinin ba ya wasa da sammako. Legas muka nufa. Babbar 'yata ce ta yi haihuwar fari a can, kuma aikin mijinta bai bar ta ta dawo gida wankan jego ba. Tunda ba ta zo gida ba, sai gida ya je mata.

Kafin mu fita na shiga ɗakin Inna, mahaifiyata. Ciwon gwiwa ya hana ta ko leƙa maƙwabta, amma kwana uku ta yi tana dakan yajin jego da hannunta, barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba. An ce a kai inji, ta ce inji ba ya daka yaji, ƙona shi yake yi. Ta ɗure shi a gwangwanin madara, ta haɗa da kwalbar man shanu, ta ce, "Irin wanda na yi miki da kika haife ta ne. Ki ba ta hannu da hannu. Ban san ko zan ga haihuwa ta gaba ba."

Ƙanena ne ya sayo mana tikitin jirgi a waya, yana ta cika baki wai ya kamo garaɓasa, kuɗin bai fi na mota da komai ba. Na yi ta sa masa albarka. Da na sani da na rage wata.

Har Masaka hanya lafiya lau. Daga nan muka faɗa cunkoso, mai tallar ƙosai ma ta wuce motarmu sau biyu a ƙafa. Direban tasin da muka ɗauka a Nyanya kuwa, yana jin filin jirgi sai ya dube mu kamar matan minista, kuɗi ya ninka nan take.

A wurin awon kaya aka fara yi mana karatun garaɓasa. Yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce tikitinmu na jakar hannu ne kawai, babbar jaka kuɗinta daban. Kuɗin ya kusa kamo na tikitin. Na biya ina haɗiyar zuciya. Sai wata mata a bayana ta raɗa mini cewa irin waɗannan kamfanoni kan bar kayan mutane a baya, ita nata sai da ya yi mako. Na durƙusa a gaban jama'a na zuge jakar, na ciro gwangwanin Inna da kwalbar na cusa a jakar hannuna. Gero da kanwa da atamfofi su ɓata in sun ga dama, amma ban da wannan. A raina ni na yi dabara.

A wurin bincike jami'in ya buɗe gwangwanin, ya yi atishawa uku a jere. Bahaushe ne, mai ladabi. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Barkono da mai ba sa shiga wurin zaman fasinja. Ai da a babbar jaka kika bar su."

Na koma da gudu. Jakar ta riga ta shige ciki. Na ce zan sake biya a auna gwangwanin shi kaɗai, yarinyar ta ce an rufe karɓar kaya, babu lokaci. Na ce mata dakan tsohuwa ne, na mai jego. Ta ce ita ba ta san wannan ba, tsarin kamfani ne. Ba mu da kowa a wurin da za mu bar wa ajiya. Da hannuna na sa dakan kwana uku a kwandon shara, kan robobin ruwa.

Jirgin da aka ce ba shi da lokaci, awa biyar muka zauna jiran sa. Ba wanda ya ce mana ko sannu. Ruwan da muka saya a ciki, kuɗinsa zai yi wa gida cefanen miya a kasuwar Keffi. Da muka shiga ma aka raba mu kujera, wai zama kusa da ɗan'uwanka shi ma saye ake yi. Gwiwata na dungurin kujerar gaba har muka sauka. Ban leƙa taga ba, ba abin da nake son gani.

A Legas, jakata ce ta fara fitowa.

Washegari na je Agege na sayi yaji wurin wani Bakano, na zuba a gwangwanin madara irin wancan. Mai jego ta barbaɗa a farfesu, ta kai loma ɗaya, ta dube ni. Ta ce, "Mama, wannan ba dakan Inna ba ne." Na faɗa mata gaskiya. Ta ture kwanon ta ɗauki jaririyarta. An yi suna, yarinya ta ci sunan Inna, amma ni bikin bai shige ni ba.

Bayan mako biyu muka dawo a mota. Yini guda muka yi a hanya, bayana kamar zai tsinke, sai dai ba wanda ya tambaye ni abin da ke cikin jakata. A Lokoja har kifi na sayo.

Abin da na koyo tsohon karatu ne: araha ba ta ado. Kujera kawai suka sayar mana, ba su sayar mana da ɗaukar abin da ya kai mu ba. Ni ma kuma na san laifina, tsoron ɓatan abu ne ya sa na ɓatar da shi.

Ina shiga gida Inna ta tare ni da tambaya, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. "Bai yi mata zafi ba ko? Na rage barkonon, ita tun tana ƙarama ba ta son zafi."

Na dubi tafin hannunta, har yanzu da sauran kantar taɓarya. Na ce, "Ya yi mata daidai, Inna."

Ta yi murmushi ta ce, "Na sani." Ni kuwa na shige ɗaki na rufo ƙofa.