Yashin Mai Gyaɗa

Shekarun baya, wata damina da kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa, ɓerayen fadama kaf suka yi ƙaura zuwa gidana. Akwai wanda idan muka haɗu a zaure ni nake ba shi hanya. Mai ɗakina kuwa sana'arta turara shinkafa, ga shi rana ta yi wuya, sai a ɗakin ajiya take baza ta a tabarma. Na ce kyanwa za mu kawo. Ta yarda, amma ta ce ranar da ta ɓata mata kaya, ranar zan mayar da ita.

Kyanwar abokina na Auyo ta haihu, ya ce in zo in ɗauki ɗaya. Na yi shiri kamar mai jiran baƙon Makka. Na bi lungu-lungu na kwashe maganin ɓeran da na zuba, don kada ta lasa. Na yi wa rijiya murfi, na toshe bakin kwata. Na shimfiɗa tsohon zani a kwali, na ware kwanon ruwa da na abinci, na tanadi kawunan busasshen kifi.

Da na je na ɗauko ta zan hau babur, abokin nawa ya ce in kulle ta a ɗaki har ta saba, kuma in zuba mata yashi a tsohuwar roba. Na yi dariya, na ce tsakar gidana ƙasa ce, kyanwa ba ta buƙatar masai. Ban tuna cewa ƙasar ta zama taɓo ba, kuma ɗakin ajiyar da zan kulle ta daɓen siminti ne.

Washegari mai ɗakina ta kira ni. 'Yar kyanwar ta tona rami a tsakiyar shinkafa, ta biya buƙatarta, ta rufe tsaf, ta koma gefe tana lasar hannu.

"Malam, ɗauki 'yarka," in ji ta. "Babur ɗinka yana da mai ko?"

Na roƙi arziki a bar ni zuwa yamma. Na fita neman busasshen yashi, abin ya gagara. Bakin kogi ruwa ya shanye, na masu bulo kuwa jiƙe yake sharkaf. Ina dawowa ƙamshi ya tare ni a lungunmu, wata tsohuwa tana soya gyaɗa cikin yashi mai zafi.

"Iya, yashi nake so, ba gyaɗa ba."

"Ɗan nan, da me za ka ci shi?"

Na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ɗebar min kwano guda, ta ce idan ya ƙare in soya jiƙaƙƙen a kasko in bari ya huce. Ina ajiye robar kyanwa ta shige, shinkafa ta huta. Mai ɗakina ta watsa wa agwagi shinkafar da ta ɓaci, ba ta sake maganar babur ba.

Yanzu duk wanda ya ce min zai kawo kyanwa, ina ce masa ya fara da yashi, kwali da kifi su biyo baya. Ni dai sauran daminar nan a tsugune na yi ta a gaban kasko, ina juya yashi da ludayi. Har yau akwai maƙwabcin da bai yarda ba, yana nan a kan cewa rowar gyaɗa na yi masa.