Maraƙar da Ta Sha Ruwan Tsiro

Mu huɗu ne a gindin rumbu ran nan: ni, da maigidana, da wansa da muke kira Yaya, sai maƙwabciyarmu, wata mata 'yar Kambari mai dafa burkutu. A tsakiyarmu maraƙa ce kwance kan tsohon buhu, ta miƙe wuya. Yaya ya zo da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Tun daga ƙofar gida na hango ta.

Sai na faɗi asalin maraƙar kafin a gane abin da ya sa na tsare ta. Da za a kai ni gidan miji, Inna ta ba ni wata jar karsana. Da ruwan dam ya ci tsohon garinmu aka kwaso mu zuwa ƙasar Ngaski, mun bar kabarin Inna a ƙarƙashin tafki, amma 'ya'yan karsanar nan sun biyo mu da ƙafarsu. Duk jajaye ne. In na dube su, sai in ji Inna ba ta yi nisa ba. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba, ciwon hanta ya shiga shanun da ke kiwo a bakin ruwa. Nawa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta haihu, ba ta daɗe ba aka sa mata wuƙa. Ta bar mini mace, ja, da ɗan fari a goshi.

Na shafa mata gishiri a baya na kai ta ruga, ko wata saniya za ta lashe ta ta karɓa. Saniyar ta lashe gishirin tas, sannan ta harbe ta. Akuyata tagwaye take shayarwa, abin da nake tatsa bai cika ludayi biyu ba. Na dama wa maraƙar kunu, ta kawar da kai.

Danga ɗaya ce ta raba mu da mai burkutun. Shekara da shekaru ban taɓa taka gidanta ba. In ɗanta na tari, ta saman danga nake miƙa mata jiƙo. In ta dawo da ƙwaryar, sai na wanke da toka kafin ta shiga cikin kayana. Tana gani, ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ta sa mini suna Malama. Ni kuma ina ce mata mai tukunya.

Wata safiya ta leƙo.

"Malama, ɗiyarki na kuka, ta hana mu sakat."

"Ba ta cin komi."

"Ba ta ruwan tsiro."

"Giya zan ba dabbar Inna?"

Ta yi dariya har da dafa danga. "Ke ina kika san giya? Dawa ce anka tsirar, anka niƙa, anka dafa. Yau zaƙi gare shi kamar rake. Sai ya kwana yake haukacewa. Ɗiyana duka da shi anka yaye su, wane kika ga yana tangaɗi?"

Ta kawo da ɗuminsa. Na sansana, ban kai baki ba. Muka zuba nonon akuyar a ciki. Ta durƙusa, ta sa wa maraƙar yatsu biyu a baki, tana sauke hannun a hankali har cikin ƙwarya. Maraƙar ta bi yatsun. Na ji ƙarar zuƙa, na ga wutsiya ta fara kaɗawa.

Washegari na gwada da nawa yatsun, ta ƙi. Ƙanshin tsiro ya kama hannun matar nan, shi ta sani. Haka mai tukunya ta riƙa shigowa gidana safe da yamma. Burkutu don ranar kasuwa ake dafa shi, ba kullum ba, amma ta ware ƙaramar tukunya tana ɗora ta kowace rana saboda maraƙar. Ban roƙe ta ba. Har maraƙar ta miƙe, tana tsalle tana tsorata kaji.

Da ruwan farko na damina ya sauka, zawo ya kama ta. Na jiƙa bagaruwa na ɗura mata. Na dafa ganyen gwaiba. Na ba ta jar kanwa, na ba ta sassaƙen maɗaci, duk abin da nake ba yara na ba ta. Idanunta suka faɗa ciki, hancinta ya bushe. Shi ne ranar da Yaya ya zo.

"A yanka ta tun da sauran rai," ya ce da ƙanensa, ba da ni ba. "In ta wuce, ta zama mushe, kowa ya yi asara."

Maigidana ya dube ni. Ya san maraƙar tawa ce, ba tasa ba.

"Yaya, tana numfashi," na ce.

"Shi ya sa nac ce yanzu. Ko da yake maraƙar da ta tashi da giya, wa ya san ko namanta na ciyuwa."

Mai tukunya tana tsugune, kan maraƙar a cinyarta. Ba ta ɗago ba ta ce, "To mi ya kawo ka da wuƙa, Malam? Aski za ka yi mata?"

Maigidana ya juya baya yana tari. Yaya ya ce mata da shanu ba a gane kansu, ya koma inuwa ya zauna, wuƙar a kan gwiwarsa. Ni na zauna tsakaninsa da buhun. Na san gaskiya ya faɗa. Amma in wuƙa ta taɓa wannan wuya, jajayen shanun Inna sun ƙare da yardata. In ta tafi da kanta, Mai ita ne ya karɓa.

Mai tukunya ta ɗiga wa maraƙar ruwan tsiro a harshe. Ta motsa baki, ta ɗan tsotsi yatsan, ta saki. Ana kiran la'asar ta shure ƙafa, shi ke nan.

Yaya ya miƙe ya karkaɗe riga. "To, ta zama taku," ya ce da mai tukunya. "Kira mazanku su ɗauka."

Haka ake yi a wurinmu. Dabbar da ta mutu ba yanka, ta saman danga ake miƙa ta, su ba su ƙyamarta. Ko cikin shanuna akwai wadda suka ɗauka, ban ji komai ba.

Ta sauke kan maraƙar a kan buhu, ta goge hannu a zanenta. "Na ci abin da kunka ƙi da yawa, Malam," ta ce. "Wagga yatsana ta tsotsa. Ba ta shiga tukunyata." Ta fita, ta manta ƙwaryarta.

Ni da maigidana muka haƙa rami a gindin tsamiya bayan gida. Na kwance igiyar wuyanta na rataye a rumbu.

Da gari ya waye na ɗauki ƙwaryar na ɗauraye da ruwa kawai. Ba a mayar da ƙwarya wofi, sai na cika ta da gero, na ɗora jar kanwa a sama. Ban miƙa ta danga ba. Na zagaya ta ƙofa na yi sallama. Manyan tukwane suna jere a tsakar gidan, warinsu ya cika mini hanci. Ƙaramar tana gefe a kife. Mai tukunya ta jawo mini kujera, na zauna.