Malama Harira da Murafan Kwalba Biyu

Da hantsi, idan rana ta ratso ganyen darbejiyar makarantarmu ta Unguwar Sarki, Malama Harira takan shigo aji a hankali, murafan kwalbar lemo na kacau-kacau a jakarta. Ba ta fara lissafi da alli. Sai ta ce, "Ku rufe ido, yarana. Na cilla murfi biyu sama, ba su sauko ba tukuna. Ta yaya da yaya za su iya faɗowa?"

Mukan riƙa ganinsu suna juyawa a iska kamar a mafarki. Mu ce uku ne: duka a kife, duka a buɗe, ko ɗaya-ɗaya. Sai ta ɗiga wa guda jan farce, mu ga ashe ɗaya-ɗayan nan iri biyu ne. Huɗu ke nan.

"Kafin ku ce kaza zai faru," in ji ta, "ku tattaro duk abin da zai iya faruwa. Kada ku bar ko ɗaya a waje."

Bara, Sule, tsohon ɗalibinta mai gyaran firiji a Kinkinau, ya je gidanta da Yasmin, wadda zai aura. Gwajin jini ya nuna dukansu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila.

"Malama, ai ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da sikila. Sai mu haifi uku mu tsaya," in ji Sule.

Ta miƙa wa kowannensu murfi. "In duka suka kife, sikila ke nan. Kowane ciki sabon jifa ne, Sule, ba ya tuna wanda ya gabace shi."

Suka yi ta jefawa a kan tabarma, har duka suka kife sau biyu a jere. Yasmin ta shaida mini Malama ba ta ce su yi ko su fasa ba. Hannunta kawai ta riƙe har ta gama kuka. Da kansu suka haƙura da juna, ba gaba.

Malama, ke ce uwar da ba ta ɓoye wa ɗa gaskiya don tausayi. Kin ajiye alli a watan jiya ba tare da wani ya rataya miki lambar yabo ba. Amma a walimar ban kwananki, Sule ne ya jera kujeru, Yasmin ta raba zoɓo, suka gaisa ido cikin ido.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malamai masu tasowa, ku je gidanta a Doka ku gaishe ta tun tana iya buɗe muku ƙofa da kanta.