Gurbin da Yaya Ya Cire

Yayana tun yana yaro ba ya son abu a warwatse. Ko takalman gidanmu sai ya jera su daga babba zuwa ƙarami, wanda ya ture masa kuwa ya sha harara. Da ya girma sai ya samu aikin da ya dace da halinsa: a wani babban asibiti, shi ke tsara fom ɗin kwamfuta da ake shigar da bayanan masu ciwon ƙoda. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a hawa na sama, tagarsa na kallon tankin ruwa.

Ma'aikatan jinya suka sa masa suna Malam Dole, don kusan kowane gurbi ya manna masa jan tauraro: in ba ka cike ba, shafi ba zai wuce ba. Nauyi, hawan jini, yawan fitsari, komai sai dai ka zaɓa ko ka sa lamba. A tsohon fom na takarda akwai fili a ƙasa na ƙarin bayani, shi kuwa ya cire shi. Wai nan ne kowa ke zuba surutu, wannan ta rubuta "ya ɗan ji sauƙi", waccan ta rubuta "jiki sai a hankali", alhali babu na'urar da za ta iya lissafa irin wannan. Na sha gaya masa mutum ba buhun siminti ba ne, ya ce in koma kan keken ɗinkina. Ba zan ci haƙƙinsa ba dai, kurakurai sun ragu sosai, har wasu asibitoci suka ari tsarin.

Sai ciwon ƙodar ya shigo gidanmu. Aka kwantar da Mama a ɗakin da ke ƙarƙashin ofishinsa. Ranar da ta rasu, da hantsi ne, ina layin karɓar magani, Yaya yana sama yana koya wa sababbin ma'aikata cike fom, Baba kuma yana gida saboda ƙafafunsa ba sa iya matakala. Na dawo na tarar an ja labule.

Ban yi kuka ba, Yaya ma bai yi ba. Ni dai ji na yi jikina kamar na aro. Da aka watse daga zaman makoki Yaya ya goge takalminsa ya koma aiki. Baba ne kawai bai haƙura ba. Kullum tambayarsa ɗaya ce: ta ce wani abu? Ta kira wani?

Yaya ya nemi nas ɗin da ke bakin aiki a ranar. Ta ba shi haƙuri, ta ce ta san Mama ta yi mata magana lokacin da take gwada ta, amma ɗakin a cike yake, wallahi abin da ta faɗa ya shige mata. Ya yi mata godiya. Ya nemi izini aka buga masa bayanan Mama, suka fito a shafi ɗaya tsaf, babu gurbin da aka tsallake.

Ya kawo wa Baba da la'asar, ya zauna a ƙasa kusa da kujerarsa ya karanta masa, lamba bayan lamba, tun daga gwajin safe har na ƙarshe, da muryar da yake koyarwa da ita. Haushi ya so ya kama ni, amma ko ƙarfin jin haushin ban samu ba.

Baba ya ce, "Wannan ta ƙarshen, ba ta da kyau ko?"

"Ba ta da kyau, Baba."

"Ta safen fa?"

"Ta safen da sauƙi."

Baba ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a kan sandarsa.

"To, sake karanta min ta safen."